Waliyyan Ƙasarmu da Mazan Jiyan Ƙasar Sin: Da Me Ake Auna Mutumin Allah?

Laccar da aka gabatar a garin Iware, Ƙaramar Hukumar Ardo Kola, Jihar Taraba

 

Ranku ya daɗe iyayen ƙasa. Allah ya gafarta malamai. Iyayenmu mata, ardo-ardo da shugabannin kasuwa, ɗalibai da samari, da maƙwabtanmu Kiristoci da suka amsa gayyata, ina gaishe ku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri.

Maganar da za mu tattauna a kanta yau ita ce walittaka: wane ne jama'a ke kira waliyyi, me ya sa suke kiransa haka, kuma me suke yi da sunansa bayan ya rasu. Zan fara daga gida, daga Katsina da Sakkwato da wannan ƙasa ta Muri, sa'an nan mu leƙa ƙasar Sin. Wani zai ce me ya kai mu Sin? Dalili biyu ne. Na farko, 'yan kasuwarmu sun mai da birnin Guangzhou kamar Kano, babur ɗin da ke yawo a titin Iware da wayar da ke aljihunmu da yawansu daga ƙasar Sin suke, amma abin da muka sani game da zukatan mutanen can kaɗan ne. Na biyu, Sinawa sun shafe fiye da shekara 2,000 suna fama da tambayar nan da muke fama da ita, kuma sun rubuta abin da ya faru da su. Maganar nan da ta yaɗu a bakin mutane ta neman ilimi har birnin Sin, malaman hadisi da yawa sun ce ba ta inganta daga Annabi ba, amma babu malamin da ya hana mutum duba tarihin wasu al'ummomi don ya wa'azantu.

Abin da nake son mu fita da shi ɗaya ne. Waɗanda ƙasarmu ta shaida da walittaka, da tsoron Allah da amfanar da mutane suka samu wannan shaida. Mu kuwa mun riƙe labarin karamominsu da wuraren da aka binne su, mun saki aikin da ya sa aka san su.

Waliyyan Katsina

Duk wanda ya shiga Katsina zai ji sunan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Malamai ne na ƙarni na 17. Sunan Ɗan Marina na littafi Muhammadu ibn Sabbag, maƙabartar da ke ɗauke da sunansa kuwa har yau ana binne mutane a cikinta, a nan aka binne Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayu na 2010. Ɗan Masani ya rasu a 1667, ya bar unguwar Masanawa, ya kuma bar sarautar da ta ɗauki sunansa, wadda a Kano marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule ya riƙe har rasuwarsa a 2017.

Idan ka tambayi yaro a Katsina wane ne Ɗan Marina, zai ba ka labarin abin mamaki. Irin waɗannan labarai mun san su a ko'ina: malamin da ake gani a Makka ranar Juma'a alhali da safe yana gari, da wanda ya shimfiɗa buzu ya haye kogi, da wanda ya yi addu'a ruwa ya sauko nan take. Ahlussunna sun yarda cewa Allah yana karrama bayinsa na gari da abin da ya saɓa wa al'ada, kuma ban zo nan don in musa wannan ba. Tambayata ita ce, kafin labarin ya yaɗu, me mutanen zamaninsu suka gani a wurinsu kullum?

Sun ga karatu da karantarwa. Ɗan Masani ya yi sharhin Ishiriniya, wadda ake rerawa a zaurukanmu har gobe, ya kuma yi sharhin Ashmawi, littafin da almajiri ke koyon tsarki da salla a cikinsa. Ɗan Marina ya rubuta wa matasa gargaɗi a kan neman ilimi, ya kuma yi waƙar Larabci game da yaƙin da Mai Ali na Barno ya yi da rundunar Kwararrafa, wato tarihin wannan yanki namu na Binuwai ya ratsa ta alƙalaminsa. Kafin su, a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Magili ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Abin da ya bar wa Rumfa shi ne rubutacciyar nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarki: ya saurari talaka, ya sa ido a kan ma'aikatansa, ya san inda dukiyar jama'a ke shiga da inda take fita. Waɗannan mutane malamai ne masu zaure da ɗalibai, masu iya duban sarki su faɗa masa gaskiya. Daga nan girmansu ya taso.

Shehu da jama'arsa

Mu zo ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya jiƙansa. An haife shi a Maratta a 1754, ya zauna a Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya rasu a Sakkwato a 1817. Hubbarensa na nan ana ziyara daga ko'ina a Afirka ta Yamma. Wazirin Sakkwato Giɗaɗo ɗan Laima ya tattara labarin karamominsa a littafin Raudul Jinan. Shehu Baƙadire ne, yana da wuridi, yana girmama Shehu Abdulƙadir Jilani. Duk wannan gaskiya ne.

To, amma me Shehu ya cika takardunsa da shi? A Kitabul Farƙi ya jera zaluncin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya: harajin da shari'a ba ta sa ba, ƙwace kayan mutane a kasuwa, gaisuwar da ake kai wa mai hukunci kafin ya saurari ƙara, da cinye gadon mamaci. Ya ambaci jangali da sunansa. Ku da kuke rayuwa da kasuwar shanu, kun fi kowa sanin nauyin wannan magana. A Nurul Albabi ya tsawata wa malaman da ke karantar da 'ya'yan wasu a zaure, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida. A Ihya'us Sunna ya bi babin ibada ɗaya bayan ɗaya, har da jana'iza da kaburbura, yana rarrabe abin da ya zo daga Annabi da abin da mutane suka ƙara.

Akwai abu guda da ya kamata mu tsaya a kansa. A ƙarshen rayuwarsa mutane sun fara cewa shi ne Mahadi. Da mai son girma ne, da ya yi shiru ya bar maganar ta yaɗu, domin za ta ƙara masa mabiya. Sai ya ɗauki alƙalami ya musanta, a rubuce-rubuce irin su Tahzirul Ikhwan. Mutum ne da jama'a ke ƙoƙarin ɗaga shi sama da matsayinsa, shi kuma yana jawo su ƙasa zuwa ga littafi.

Haka gidansa yake. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu, da ya ga wasu mayaƙan jihadin Shehu sun koma neman dukiya da mulki, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da adalci. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno inda ya rasu a 1837, ya kafa garuruwan ribaɗi, ya kwaɗaitar da makiyaya su zauna su haɗa kiwo da noma da karatu, ya kuma yi rubutu a kan magunguna. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru: ta naɗa jajoji mata, ta ɗora musu malfa, suna zuwa ƙauyuka suna koya wa mata addini da waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fillanci. Da ta zo lissafa mata bayin Allah a waƙa, ta haɗa Rabi'atul Adawiyya da matan da ta sani a cikin jama'ar mahaifinta. A wurinta waliyyiya tana iya zama maƙwabciyarka mai karantar da yara da jinyar marasa lafiya.

Wannan guguwa ta iso nan. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu, ya zauna a Gurin, ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. Modibbo Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, ya kafa masarautar Muri a 1817, daga baya Sarki Muhammadu Nya ya mai da hedikwata Jalingo a 1893. Ku lura, laƙabin da aka san waɗannan magabata da shi na malanta ne. Da karatu aka fara saninsu kafin sarauta.

Yadda Sinawa suke girmama mazan jiya

Yanzu mu tafi Sin. Kafin in ci gaba, bari in share hanya. Akwai abubuwa a al'adar Sinawa da Musulmi ba zai taɓa yarda da su ba, musamman kai hadaya ga mamaci da roƙonsa kamar abin bauta. Wannan shirka ce a wurinmu, babu kwana-kwana. Abin da za mu duba shi ne irin mutanen da suka zaɓa su ɗaukaka, da abin da ya biyo baya.

Mutanen da Sinawa ke ɗaukakawa sun kasu kusan gida uku.

Gida na farko su ne masu hikima, waɗanda ake ɗauka sun kai ƙarshen kamala a hali da tunani. A nan suke sa sarakunan farko na tarihinsu, Yao da Shun da Yu. Labarin Yu shi ne ambaliya ta addabi ƙasa, mahaifinsa ya yi ta gina shinge ruwa na fasawa, shi kuwa sai ya haƙa hanyoyi ya bai wa ruwa mafita zuwa teku. Suna cewa ya shekara 13 a kan wannan aiki, ya wuce ƙofar gidansa sau uku bai shiga ba. Babba a wannan gida shi ne Kungzi, wanda Turawa ke kira Konfushiyas. An haife shi a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa, a yankin Qufu da ke lardin Shandong na yau, ya rasu a 479. Ya riƙe muƙami na ɗan lokaci a ƙasarsu ta Lu, ya bari, ya yi shekaru yana yawo daga fada zuwa fada yana neman sarkin da zai yi mulki da kyawun hali, bai samu ba, ya dawo gida ya zauna karantarwa. Koyarwarsa ta tsaya a kan biyayya ga iyaye, riƙon amana, ladabi, da cewa shugaba ya fara gyara kansa kafin ya nemi gyara talakawa. Almajiransa da suka tattara maganganunsa sun ruwaito cewa ba ya son zancen abubuwan al'ajabi da aljanu, kuma da aka kira shi cikakken mai hikima ya ƙi karɓa, ya ce shi dai mai koyo ne da koyarwa ba gajiya.

Me ya faru bayan rasuwarsa? Aka mai da gidansa wurin tunawa da shi. A shekara ta 195 kafin haihuwar Annabi Isa, sarkin da ya kafa daular Han ya je Qufu da kansa ya yi hadaya. Sarakuna suka riƙa ƙara masa laƙabi, aka gina masa ɗakuna a kowane babban gari. Littattafan mazhabarsa suka zama abin da ake jarrabawa a kai kafin a ba mutum aikin gwamnati, tsarin da ya ɗauki kusan shekara 1,300 kafin a soke shi a 1905. Malamin da bai sami sarki ɗaya mai sauraronsa ba yana raye, sai ga sarakuna suna rusuna wa allon sunansa. Da yawa daga cikinsu sun yi rusunawar, sun kuma ci gaba da zaluncin da ya hana.

Gida na biyu su ne masu ƙauracewa duniya na addinin Dao, waɗanda ke hawa duwatsu suna neman tsawon rai, ana ba da labarin cewa suna tashi sama ko su ɓace. Sanannu a cikinsu guda takwas ne, ana zana su a jikin tangaran da bango. Su ne suka fi kama da labarin karamomi da muke ji a nan, kuma su talaka ya fi jin daɗin labarinsu.

Gida na uku ya fi ba ni abin tunani. Mutane ne da aka san tarihinsu, suka yi wa jama'a wani aiki, bayan mutuwarsu aka gina musu ɗaki. Li Bing gwamna ne a yankin Sichuan. Wajen shekara ta 256 kafin haihuwar Annabi Isa ya raba kogin Min gida biyu da wata dabara da ake kira Dujiangyan, ya hana ambaliya, ya shayar da gonakin filin Chengdu. Aikin nan yana ba da ruwa har yau, bayan fiye da shekara 2,200. Mu da muka ga abin da Binuwai ya yi wa Lau da Karim Lamido da Gassol da Ibi a 2012 da 2022, mun san darajar mutumin da ya iya sarrafa kogi. Bao Zheng alƙali ne da ya rayu daga 999 zuwa 1062, ya yi suna a birnin Kaifeng da ƙin karɓar toshiya da rashin tsoron dangin sarki. Guan Yu jarumi ne da aka kashe wajen shekara ta 220, ana tuna shi da cika alkawari, shi ya sa 'yan kasuwa ke ajiye siffarsa a shago. Mazu yarinya ce daga tsibirin Meizhou a lardin Fujian, wadda ake cewa ta rayu a ƙarni na 10 tana ceton masunta, masu shiga teku suka riƙe ta.

Wani tsohon littafinsu na ladubba, Liji, ya ma shimfiɗa sharuɗɗan wanda ya cancanci a tuna da shi: wanda ya kafa wa mutane doka mai amfani, ko ya mutu a bakin aikin jama'a, ko ya sha wahala wajen zaunar da ƙasa, ko ya kare mutane daga babbar masifa. Fadar sarki kuma tana da rajista, tana ba wasu laƙabi, tana rushe ɗakunan waɗanda ba ta amince da su ba. Kun ga ke nan hukuma ta sa hannu a cikin zaɓen wanda za a girmama, kuma ba kullum don Allah ba.

Darasin da ke nan a fili yake. Ma'aunin da suka fara da shi mai kyau ne, wato amfanin mutum ga jama'a. Inda suka zame shi ne, a hankali girmamawa ta koma roƙo. Ɗan kasuwa zai ƙona turare gaban Guan Yu yana neman riba, alhali abin da aka san Guan Yu da shi cika alkawari ne. Roƙon mutumin kirki ya fi kwaikwayonsa sauƙi, kuma zuciyar ɗan Adam a ko'ina tana karkata ga mai sauƙi.

'Yan'uwanmu Musulmin Sin

Wataƙila wasunmu ba su san cewa akwai Ƙadirawa a Sin ba. A lardin Gansu akwai garin Linxia, wanda ake yi wa laƙabi da ƙaramar Makka saboda yawan masallatai da hubbarorin shehunai. Babban hubbaren garin na Qi Jingyi ne, shehin Ƙadiriyya da ya rayu daga 1656 zuwa 1719, wato silsilar da ta iso Degel ita ce ta isa can. A Guangzhou kuma akwai kabarin da Musulmin garin ke danganta wa Sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihin Musulunci sun tafi a kan cewa a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. A birnin Nanjing, malami Liu Zhi ya rubuta tarihin Annabi da Sinanci a farkon ƙarni na 18, ya yi amfani da harshen masu karatun Kungzi don ya nuna musu cewa kamalar da suke nema ta cika a kan Manzon Allah.

Amma akwai labari mai ɗaci da nake so kowa a nan ya riƙe. Malamai biyu, Ma Laichi da Ma Mingxin, duk sun yi karatu a ƙasashen Larabawa, duk 'yan Naƙshabandiyya ne. Na farko ya koyar da zikiri a ɓoye, na biyu ya koyar da zikiri da ɗaga murya. Mabiyansu suka yi ta jayayya, daga baki ta koma kotu, daga kotu ta koma makami. A 1781 gwamnatin daular Qing ta shigo, ta kashe Ma Mingxin a birnin Lanzhou, sojoji suka murƙushe mabiyansa, aka rasa rayuka masu yawa. Bayan shekara ɗari da wani abu, Ma Wanfu, wanda ya rasu a 1934, ya dawo daga Hajji ya kafa ƙungiyar Ikhwan mai yaƙi da girmama hubbarori, sabuwar jayayya ta tashi.

Ba sai na fassara muku wannan ba. Mun san Maukibin Ƙadiriyya da ake yi a Kano duk shekara, mun san zawiyoyin Tijjaniyya da almajiran Shehu Ibrahim Inyas, mun san Izala da aka kafa a Jos a 1978, mun kuma san gidajen da ɗa ya daina bin mahaifinsa salla. Saɓanin malamai a kan tawassuli da ziyara tsoho ne, kuma wurinsa zauren karatu, inda ake buɗe littafi a kawo hujja. Musulmin Gansu sun fitar da nasu daga zaure, wanda ya raba su kuwa da takobi ya raba su.

Masu rushewa

Akwai kuma ɗaya gefen. A watan Nuwamba na 1966, lokacin juyin al'adu na shugaban Sin Mao, matasa 'yan jan ƙyalle suka shiga Qufu, suka farfasa allunan tarihi, suka tone kaburburan zuriyar Kungzi, da nufin shafe sunansa. Ba a yi shekara 30 ba, a 1994, aka sa wurin cikin kayan tarihin duniya na UNESCO, yau kuma gwamnatin Sin da sunansa take buɗe cibiyoyin koyar da harshenta, har a Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka. A 2012 masu ɗauke da makamai suka rushe hubbarorin malamai a Tambutu. Maginan garin suka sake gina su, a 2016 kuma kotun duniya ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara 9 saboda wannan aiki. Gatari bai gyara aƙidar kowa ba a Qufu, bai gyara ba a Tambutu. Mai rushewa da mai wuce iyaka wajen girmamawa sun haɗu a abu guda: dukansu idonsu na kan ginin, babu wanda ya buɗe littafin mai kabarin.

Abin da ya rage mana

Alƙur'ani a Suratu Yunus ya siffanta waliyyan Allah da abu biyu, imani da taƙawa. Malaman Sufaye da kansu sun sha nanata cewa tsayuwa a kan gaskiya ta fi kowace karama. Idan haka ne, akwai abubuwa huɗu da nake roƙon mu ɗauka.

Na farko, mu auna kafin mu bi. Babu wanda ke sayen sa a kasuwar Iware saboda kirarin dillali kaɗai, sai ya duba haƙori, ya taɓa tozo, ya ga tafiyarsa. Addininka ya fi sa tsada. Duk wanda aka ce maka waliyyi ne, ko aka ce maka shi ne mai tsayar da sunna, dubi sallarsa, da amanarsa a kan kuɗin jama'a, da yadda yake da iyalinsa da maƙwabtansa, da abin da harshensa ke yi wa Musulmin da ya saɓa masa. Wanda ke sayar da albarka da farashi, ko yake cin abinci da zagin matattu, ya faɗi tun a nan.

Na biyu, mu koma ga littattafan. An fassara da dama daga rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u, ana samunsu. Ina roƙon malaman Iware, na ɗariƙa da na Izala, kowane ya sa Nurul Albabi ko Kitabul Farƙi cikin karatun da yake yi tsakanin magariba da lisha. Shehu na kowa ne, kuma duk wanda ya karanta shi da gaskiya zai ci karo da abin da zai gyara a gidansa.

Na uku, mu rubuta tarihin namu. A garuruwan Muri an yi alarammomi da modibbai da suka karantar da dubbai, an yi alƙalan da ba a taɓa jin sun karɓi ko ƙwandala ba, an yi ungozomomi da inna-inna masu makarantar allo a tsakar gida, an yi ardon da ya sasanta manomi da makiyayi kafin jini ya zuba. Sunayensu suna bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa suna tafiya. Maƙwabtanmu Kiristoci sun sa wa makarantar horar da limamansu ta Donga sunan Johanna Veenstra, wadda ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum ta rasu a 1933, don kada a manta da ita. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Jihar Taraba da kwalejojin Jalingo su ɗauki waya da littafi su zauna gaban kakanninsu, su rubuta wane ne ya karantar da wa, wane ne ya haƙa rijiyar unguwa, wane ne ya riƙe marayu.

Na huɗu, mu gyara abin da muke yabo a gaban yara. Yaro yana jin wanda ake yi wa kirari a gidan biki da wanda ake miƙe wa a masallaci, daga nan yake zaɓen abin da zai zama. Idan mai kuɗin da ba a san tushen dukiyarsa ba shi ke samun sahun gaba, malamin makarantar firamare da ya shekara 30 yana koyarwa kuma ba a san da zamansa ba, to mun riga mun gaya wa yaran wane ne babba a wurinmu, ko da mun kwana muna ba su labarin Ɗan Marina.

Waliyyi na gaskiya Allah ne ya san shi, mu zahiri kawai muke gani. Amma zahirin da magabatanmu suka bari a bayyane yake: sun yi karatu, sun karantar da maza da mata, sun faɗa wa masu mulki gaskiya, sun ƙi karɓar matsayin da ba nasu ba. Wannan aiki bai ƙare ba, kuma babu wanda ya hana ɗan Iware ko 'yar Iware ɗaukarsa daga yau.

Allah ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, ya haɗa kan Musulmi, ya zaunar da Jihar Taraba da Nijeriya lafiya tsakanin dukkan al'ummominta.